Kyamara a Bisa Mayafi

Ku 'ya'yana, na san abin da ake gaya muku a kaina idan kun je gaida dangin mahaifinku. Ana ce muku uwarku ce macen da ta fara ratsa kasuwar Boɗinga da kyamara rataye a ƙirji kamar ɗan sanda da usur, kuma wai ta yi caca da rayukanku don kawai ta ci gardama. Ba ku taɓa tambayata ba saboda kunya, ni ma ban taɓa zaunar da ku ba saboda aiki. Yanzu ido ya yi rauni, sana'ar kuma wayar hannu ta ƙwace ta, to bari ku ji daga bakina. Ban rubuta wannan don in ba wani haƙuri ba. Ko yau aka mayar da ni waccan shekara, abin da na yi shi zan sake yi.

Mahaifinku Malam Sani, Allah ya jiƙansa, shi ne mai hoton, ni da farko 'yar kallo ce. Ya sayo kyamarar a gwanjo a Sakkwato, irin mai fim, baƙa, mai nauyi kamar dutsen guga. Yana zuwa suna da biki daga nan har Shagari, amma iyakarsa ƙofar gida. Ya ɗauki maza da manyan riguna, ya ɗauki ragon suna, ya dawo yana tsaki, don bikin gaske yana can cikin gida inda mata suka ci ado, shi kuwa ba shi da hanyar shiga. Shi ya sa ya koya mini. A saman kyamarar, wajen hannun hagu, akwai wani ɗan faifai da bai fi maɓallin kwat ba, bakinsa da tsaga-tsaga don yatsa ya kama. Gefe guda alamar ƙari, gefe guda alamar ragi, kuma duk juyi ɗaya sai ka ji ya ce ƙas. Mahaifinku yana kiransa faifan ƙari da ragi. Ranar da ya nuna mini shi, sai da ya kama yatsana ya ɗora a kai.

“Kulu, abin ga ba ta da wayo,” in ji shi. “In ta ga hwarin tuhwa cikin rana sai ta tsorata, ta rage haske, huskar mutum ta hito baƙi ƙirin. Mu kau ga mu baƙaƙe, ga son hwararen kaya. Ki ƙara mata ɗaya, ki bar ta nan. Kada ki koma taɓa shi.”

Na riƙe wannan magana kamar karatun allo. Na sa faifan a ƙari ɗaya, na ɗauke idona daga kansa.

Da ya rasu ya bar ni da ku uku, kai Bashiru, da Luba, da Nasiru yana tatata. Da na fita takaba na ce zan ci gaba da hoton. Maganar gidan tana hannun Yaya Ladan, wan mahaifinku, manomin albasa ne a fadamar Danchadi. Ba mugu ba ne, wannan ku riƙe shi. Bai taɓa girbi ya manta da ku ba. Amma mutum ne da maganar mutane ta fi ciwon kai damunsa. Ya kira ni zaure, na durƙusa daga bakin ƙofa.

“Ba ni hana ki neman abin da za ki ba marayu,” ya ce. “Amma kada in ji an ce an ga matar ƙanena bisa hanya da abin ga a hili. Ki sa ta cikin mayahi. Sai kin shiga cikin mata ki hiddo ta.”

Na ce to. Na sayi wani babban mayafi mai aikin zare a baki, na riƙa cusa kyamarar ƙarƙashin hammata kamar wadda ta saci kaza. In hau kabu-kabu da ita a haka, in sauka da ita a haka. Idan na shiga cikin gida sai in zaro ta da sauri in fara ɗauka, in na gama in mayar da ita kafin in fita zaure. Shekara biyu muna haka lafiya. Mata sun san ni daga Danchadi har Horo Birni, in ana suna ba a ce an gama shiri ba sai an aiko wa Kulu Mai Hoto.

A shekara ta uku ne hotuna suka fara yin duhu. Ba duka ba, abin da ya ruɗa ni ke nan. In kai fim wanki Sakkwato, a dawo mini da wasu tas, wasu kuma sai farin kaya kawai kake gani da haƙora, fuska ta nutse. Aka yi wani suna a Shagari, a gidan wata mata mai suna Hassi, wadda muke shiri da ita ƙwarai. Mahaifiyarta, Gwaggo Ige, tsohuwa ce da ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Da ƙyar aka lallaɓa ta ta zauna da farin lulluɓinta, jaririn a cinya. Hoton ya fito, jaririn a farin tawul ana ganinsa, ita kuwa babu komai a inda fuskarta take sai baƙi. Na kai wa Hassi don kada ta ce na ci amana, na ce zan dawo in sake. Ban samu dawowa ba. Kafin watan ya ƙare Gwaggo Ige ta kwanta, ta cika. Tsohuwa ce da ta ga jikokin jikoki, amma ba wanda ya tuna wannan. Sai ga wata mata a Dandin Mahe da hotonta ya yi duhu ta yi ɓari. Shi ke nan, magana ta tashi: kyamarar marigayi ce, tana nuna wanda zai bi shi. Wanda ya fito da duhu, kwanansa ya ƙare.

Ni ban ji da wuri ba, wanda ake magana a kansa shi ne na ƙarshen ji. Na je wani biki a Shagari, a gidan nan na Hassi, na shiga da sallama kamar kullum, na zaro kyamara. Sai na ga tsakar gida ta watse. Mata suna rufe fuska da gyale, wata ta fizgi ɗanta ta faɗa ɗaki har tana tuntuɓe da kwano. Hassi ce ta taso, wadda na ci tuwo a kwanonta ba sau ɗaya ba, ta tsaya gabana.

“Kulu, don girman Allah hidda abin ga daga gidan ga. Ta ci uwata, ba ta ƙara cin kowa nan.”

Na fito. Ban yi kuka a gabansu ba, sai da na zo bakin titi ina jiran abin hawa. Baƙin ciki na ji, amma fushi ya fi shi yawa. Mahaifinku mutum ne da bai taɓa zaluntar ko akuya ba, yana kabari ana ce masa maye a fakaice. Kafin in iso Boɗinga labari ya riga ni. Yaya Ladan ya sake kirana zaure, wannan karon bai ko amsa gaisuwata da kyau ba.

“Kawo ta,” ya ce. “Za ni kai ta Sakkwato in rabu da ita. Mata nawa ag garin ga suna ƙuli-ƙuli suna riƙon ɗiyansu?”

“Yaya, Allah shi ba ka haƙuri, ba ni ba da ita. In nib ba da ita, na yarda ke nan da abin da a ka hwaɗi ga ƙanenka.”

“Ke kin san mi as sanadin duhun?”

“Ban sani ba tukuna. Amma ƙarhe na, mutum yay yi shi. Lalacewa tay yi, kuma sai na gano.”

Ya ce ya ba ni wa'adi zuwa ya kwashe albasarsa daga fadama. In ban kawo dalili ba, zai zo da kansa ya ɗauka.

Na fara da abin da na sani. Na sake batir, na ɗauki kajin gida da bangon ɗaki, suka fito lafiya. Na yi murna, na je wani suna a wani ƙauye da labari bai kai ba, suka dawo da duhu. Na ce to fim ne zafi ya dafa, na sayo sabo na riƙa ajiye shi gindin randa inda ke da sanyi. Bai hana ba. Na ɗauki fushina na kai wa mai wankin hoto a Sakkwato, na ce ruwan wankinsa ne ya tsufa. Mutumin bai yi gardama ba, ya ɗaga fim ɗin a hasken ƙofa ya nuna mini. Ya ce in duba, ga waɗansu da kauri, ga waɗansu fayau kamar ruwa, kuma duk a fim ɗaya, wanki ɗaya. Ya ce waɗannan na fayau haske ne bai ishe su ba tun a cikin kyamara, ba a hannunsa ba. Ya tambaye ni faifan ƙari da ragi. Na ce yana inda mai shi ya bar shi, don duk lokacin da na duba a gida ina samunsa nan kusa da ƙari ɗaya. Na dawo da kunya biyu, ta zargin bawan Allah da ta rashin sanin inda zan dosa.

Wata safiya bayan kun tafi makaranta na shimfiɗa tabarma, na baje duk hotunan shekarar, na gyara zama ina kallonsu. A nan na lura da abin da yake gabana tuntuni. Duk hoton da na ɗauka a gidana lafiya yake. Duk mai duhu, a gidan mutane na ɗauke shi. Da wata ce sai ta ce to ga shi, aljanin ba ya taɓa masu gida. Ni kuwa sai na tambayi kaina, me nake yi a gidan mutane da ba na yi a gidana? A gidana daga kan ƙusa nake ɗauko ta. A gidan mutane daga cikin mayafi. Na tashi na yafa mayafin nan mai aiki a baki, na cusa kyamarar a hammata, na yi sallama ga bangon ɗakina kamar mahaukaciya, na zaro ta da saurin da na saba. Na duba samanta. Faifan ya bar ƙari, ya wuce tsakiya, ya tafi can ƙarshen ragi. Na mayar da ita ciki, na buɗe mayafin a hankali na leƙa. Ya dawo wajen ƙari. Zaren bakin mayafi ne yake kama tsaga-tsagan faifan, in na zaro ya ja shi ragi, in na mayar ya tura shi ƙari, shi ya sa in na iso gida nake samunsa kamar na Allah. Na sa yatsa na juya shi. Babu ƙas. Yana ta yawo sakayau kamar zoben da ya yi wa yatsa yawa. Na zauna a kan tabarmar ina dariya, hawaye na zuba.

Ranar kasuwa na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran agogo, ana ce masa Baba Isa. Yana ganina na fito da ita ya kauda kai.

“Ɗiyata, juya bakinta wajen bango. Ni ban yarda da zancen ba, amma ina da iyali.”

Na juya masa ita bango. Ya sa gilashinsa na ido ɗaya, ya taɓa ɗan notin da ke tsakiyar faifan, sai ga shi yana juyawa ba tare da an matsa ba. Girgizar kabu-kabu a hanyar Shagari ta kwance shi. Ya ɗaga faifan a hankali a kan farin ƙyalle. A ƙarƙashi akwai ɗan rami da wata 'yar murɗaɗɗiyar waya a ciki. Ya ce a bakin wayar nan ya kamata a ga ɗan boris, shi ne yake faɗawa cikin gurbi ya riƙe faifan ya ce ƙas, kuma da notin ya saki sai ya sulale ya faɗi. Wataƙila yana can cikin rairayin wani gidan suna. Ya zazzage gwangwanayensa, duk boris ɗin da ya samu ya yi girma, don wanda ake so bai kai ƙwayar gero ba. Muna cikin haka idona ya faɗa kan biron da ke bayan kunnensa. Na ce Baba, na bakin wannan fa? Ya cire biron, ya dube shi, ya dube ni. Ya matse bakin da filaya, ɗan boris ya faɗo, muka wanke masa tawada da kananzir. Ya zauna a ramin kamar don shi aka yi. Ya mayar da faifai ya ɗaure noti, ni kuma na ciro jan farce daga jakata na ɗiga a kan notin don kada ya sake kwancewa. Na juya. Ya ce ƙas. Tun rasuwar mahaifinku ban ji sautin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Amma gyaran kyamara daban, gyaran bakin mutane daban. Na bi gida-gida ina bayani, ba mai saurare. In na ce zan ɗauka kyauta a gani, sai a ce a bari sai wani jiƙo. Wa zai ba da fuskarsa a yi gwaji? To a nan ne na yi abin da ake ba ku labari. Na yi muku wanka, na sa muku fararen kayan Sallah, na zaunar da ku a kan benci a tsakar gida da hantsi. Na kira maƙwabciyata na nuna mata inda za ta danna, don ni ma in shiga. Na juya faifan da hannuna har ƙarshen ragi, na zauna a tsakiyarku, Nasiru a cinyata, ta danna. Na tashi na mayar da shi ƙari ɗaya, na koma na zauna, ta sake dannawa. Aka wanko. Na farko ga mu nan mu huɗu baƙi ƙirin, sai fararen kaya. Na biyu ga mu tas, Luba tana dariya da giɓinta. Na kai wa Yaya Ladan su biyu a zaure, a gaban abokan hirarsa. Da ya ga mai duhun sai ya ɗago kai ya dube ni.

“Ɗiyan ƙanena kika yi ma wanga? Da gangan?”

“Da gangan, Yaya. Ɗiyana na, kuma ga ni cikinsu. In abin ga tana kisa, mu za ta hwara ci. In ba ta kisa, a bar mamaci shi kwanta lahiya.”

Na nuna musu faifan, na juya shi suka ji ƙas, na faɗi yadda mayafi ya yi. Sannan na faɗi wadda ta fi yi masa zafi. Na ce ɓoyon da aka sa ni shi ya jawo wannan duka, don da tana fili da idona ya ga faifan tun ranar farko. Na ce daga yau a bisa mayafi zan rataya ta, inda zan gan ta kowa ma ya gan ta. Ya ce in na yi haka ba shi ba ni. Na ce Allah ya huci zuciyarsa, na tashi.

Kada ku ɗauka zuciyata dutse ce. Ba a yi nisa ba zazzaɓi ya kama Nasiru, jikinsa kamar garwashi. Gari ya yi tsit yana jira, har masu zuwa dubiya suna satar kallon ƙusar da kyamara take rataye. Na san sauro ne, na san faifai ne da boris, amma ina goye da shi zuwa asibiti ina cewa ya Allah kada ka ba su abin faɗa. Da ya tashi ya nemi koko, sai da na yi sujada a ƙasan ɗakin. Wannan tsoro ni kaɗai na san shi, kuma shi ne abin da na biya. Sauran abin da na biya kun gani da idonku. Yaya Ladan bai daina aiko da hatsi ba, amma bai sake taka gidanmu ba har kuka girma, in mun haɗu a hanya sai ya duba wani gefe. Wasu gidaje ba su sake kirana ba, ba don tsoro ba kuma, sai don wai na zubar da kunya.

Akwai abu guda da ya rage mini. Na nemo fim ɗin sunan gidan Hassi, na koma wa mai wanki na roƙe shi ya yi iya ƙoƙarinsa a kan na Gwaggo Ige. Ya yi ta gwadawa har ya fito da ita. Hoton ya yi dishi-dishi kamar an yayyafa masa toka, amma ga idanunta, ga tsagen kumatunta, ga bakinta ta tsuke shi don ba ta son hoton. Na hau kabu-kabu zuwa Shagari da kyamara a ƙirji, rana tsaka, mutane suna nuna ni da baki. Na yi sallama a gidan da aka kore ni, na miƙa wa Hassi hoton. Ta daɗe tana kallo. Ta shafa fuskar da yatsa.

“Ashe tana ciki,” ta ce. “Duk kwanakin ga Inna tana ciki.”

Ta yi kuka mai isarta, ta share fuska, ta shiga ɗaki. Na ɗauka shi ke nan, har na juya zan tafi. Sai ga ta ta fito da farin lulluɓin tsohuwar a kanta, ta jawo kujera tsakiyar rana ta zauna, matan gidan suna leƙe ta labule.

“Duba abin naki da kyau, Kulu,” ta ce, “kana ki ɗauka.”

Na duba. Yana ƙari ɗaya. Na ɗauka.

Hoton nan namu mai duhu yana ƙasan akwatina, kuma ban yarda kowa ya yaga shi ba bayan raina. Ku fito da shi ku nuna wa 'ya'yanku. Kai Bashiru ga ka nan ba a ganin komai naka sai riga da hula, yau ga furfura har a gemu. Luba ta aurar da 'ya. Nasiru da aka gama yi wa makoki a zuci, shi ne yake kai ni asibitin ido a motarsa. Kyamarar tana nan a kan ƙusarta, ɗigon jan farcen bai goge ba, kuma faifan har gobe yana cewa ƙas. Wanda ya gaje ta cikinku, ko ba zai ɗauki hoto da ita ba, kada ya sa mini ita a cikin tsumma. Ya rataye ta inda duk wanda ya shigo zai gan ta.